Ruwan da Inna Ta Aike Ni

Filinge zuwa Yamai

Ƙarfe biyar da kwata na asuba na fito da jakata. Ni ma'aikacin kula da dabbobi ne, an gayyace ni taron makiyaya a ƙasar Peru, inda aka ce tafkuna suna bisa duwatsu. Inna, wadda ta tsufa a bakin rijiya har idonta ya mutu, ta tare ni a zaure da kwalbar roba.

"Kak ka kawo min hoto, mi zan gani? Ɗebo min ruwan in taɓa."

A motar haya muka wuce Bonkuku, jandarmomi suka duba takardunmu, kafin azahar mun cinye kilomita ɗari da tamanin. Jirgi uku na hau cikin kwana biyu.

Bisa duwatsu

Daga birnin Kusko na Peru, wani direba mai suna Eusebiyo, mai ɗan Faransanci, ya hau da mu awa huɗu zuwa wata ƙaramar hukuma ta ƙabilar Kechuwa. Ba itace ko ɗaya, sai ciyawa mai kaifi da dabbobin alpaka masu wuyan ɗan raƙumi. Ni da nake taƙama da tafiyar ƙasa, taku goma sai haki. Abinci kuwa dankali ne safe da rana, har da wanda aka busar da sanyi.

Tafkunan suna jere, na sama yana zuba wa na ƙasa, kuma ba sa ƙafewa. Na tuna namu da ke zama taɓo kafin a gama sussuka, sai hassada ta kama ni. Na miƙa kwalba, Eusebiyo ya riƙe min hannu.

"Nan sai an gaida tafki kafin a ɗiba."

Shi ya ajiye ganye uku a bakin ruwa, ni na yi bisimilla. Ya ce ta wadatar.

Komawa

A gida abu mai daraja a cinya ake riƙe shi, ba a ɗora shi bisa mota. Haka na rungumi kwalbata har wurin bincike a filin jirgi, babbar jakata ta riga ta shige. Ashe ba a wucewa da ruwa. Wata jami'a ta nuna kwandon shara, ta nuna bakina. Na roƙe ta da Hausa da Faransanci, ba ta ji ko ɗaya ba. Na tsaya na shanye lita guda, hawaye na neman zubo mini.

Ran Laraba da la'asar na iso Filinge lafiya, godiya ga Allah da Eusebiyo. Na durƙusa na faɗa wa Inna gaskiya. Ta karɓi kwalbar, ta kife ta a tafin hannu, ta jira. Ɗigo biyu suka sauko. Ta shafa a idanunta.

"Ashe da gaske na," in ji ta. "Tashi ka ci tuwo, ɗan aike mai shanye saƙo."