Ranar da Muka Kai Gilashin Kwamfuta Adabraka

Ku da kuka tarar da shagon nan cike da kwamfutoci, ku matso ku ji. Har in mutu ba zan manta da ranar da ni da marigayi Alhaji Sumaila, mai shagon, muka tafi unguwar Adabraka neman gyara ba. A ƙarshen shekarun 1990 ne, ina mai buga takardu a nan unguwar Maamobi ta Accra. Katin biki da na suna muke yi, da kwamfuta guda ɗaya tak.

Mun daɗe muna jayayya kan wanda zai riƙa duba ta. Ko dai a ɗauki ma'aikaci ya zauna da mu, ko a yi yarjejeniya da masu gyara na waje, su zo in an kira su. Ni na fi son na waje, don na zaune sai ya yi wata guda ba abin da ya taɓa sai kofin shayi. Alhaji kuwa ya ƙi. "Mariyama, sirrin mutane ne a cikin abin nan. Bikin da ba a sanar ba tukuna, katinsa na ciki. In unguwar Nima ta ji kafin lokaci, wa za a kama?"

Wata Alhamis da safe na kunna kwamfutar, gilashinta ya yi baƙi ƙirin. Ga katin auren 'yar Hajiya Ramatu, mai tumatir a Kasuwar Malam Atta, duk yana ciki, biki kuma Lahadi. Hajiya ta zo ta riƙe ƙugu ta ce, "Alhaji, in katin nan bai fito ba, ni da kai za mu bi gida-gida muna gayyata da baki."

Nan take Alhaji ya sauko, amma da sharaɗi: baƙo ba zai shigo ba, mu za mu kai masa. Ya cire gilashin, ya naɗe shi da zane. Akwatin da ke ƙarƙashin tebur kuwa muka bar shi, don dukanmu mun ɗauka wurin sa faifai ne kawai.

A cikin tirotiro, motar hayarmu ta Accra, Alhaji ya kama wa gilashin kujera guda. Direba na faɗawa rami sai ya daka tsawa, "A hankali! Mara lafiya muka ɗauko!" Wata tsohuwa a baya ta leƙo zanen, ta ce Allah ya ba shi lafiya, mota duka ta amsa da amin. Na cusa mayafi a baki don kar in fashe.

Mai gyaran mace ce, Madam Akwele, wadda ta tashi a Nima, Hausa a bakinta kamar tamu. Ta jona gilashin da na'urarta, sai ga shi ya kawo haske tar.

"Wannan lafiyarsa ƙalau. Ina kwamfutar?"

"Ga ta nan gabanki," in ji Alhaji.

"Ai Alhaji fuska ka kawo, ka bar ƙwaƙwalwa a gida."

Ya dube ni, na dube shi. Sai ya ƙyalƙyale da dariya har hularsa ta faɗi, ni kuwa na durƙushe a ƙasa ina share hawaye.

Ta ɗauki jakar kayan aikinta ta biyo mu. Ashe wutar lantarki ce ta ƙona wani sashe a cikin akwatin. Alhaji ya tsaya a kanta tana canzawa, yana jiran ya ga ko za ta karanta katin mutane. Da kwamfuta ta tashi, sai ta juya gilashin wajena ta ce, "Duba aikinki, ni ƙarfe ne nawa." Wannan ne ya kwantar wa Alhaji da hankali. Washegari Hajiya Ramatu ta karɓi katinta, ta rangaɗa guɗa a bakin titi.

A makon nan aka yi yarjejeniya. Madam za ta riƙa zuwa duk wata ko ba abin da ya lalace, in an kira ta da safe ta iso kafin la'asar, a gabanmu za ta yi gyara, kuma ta koya mini ajiye kwafin aiki a faifai.

Abin da na koya shi ne, ba kowane aiki ne naka ba, kuma ba abin kunya ba ne ka kira wanda ya iya. Amma kafin ka ba mutum amanar shagonka, ka tsaya ka ga inda idonsa yake kallo in yana aiki.