Digiri Huɗu a Tukunyar Ƙasa

Shekarata ta biyu da fara koyarwa aka ɗora mini kemistiri, a wata sakandaren kwana tsakanin Kiru da Bebeji. Lokacin kaina a kumbure yake, gani nake duk yankin ba wanda ya kamo ƙafata a kimiyya. Ɗakin gwajinmu kuwa suna ne kawai: kwalaben asid, gwangwanin soda, sai ma'aunin zafi guda biyu da nake kullewa a durowa.

A aji huɗu muka zo kan entalfi, wato auna zafin da ke fita idan an haɗa asid da ruwan soda. Shugaban makaranta ya ce ajin kimiyya ya yi yawa, in yi gwaji in rage mutum biyar. Sai na ce to, wannan gwajin shi zai raba gardama.

Littafi ya ce a yi haɗin a farin kofin nan mara nauyi mai riƙe zafi. Ina zan samo shi a Kiru? Sai wayona ya motsa. Na ce ai randa tana ajiye ruwa da sanyi komai rana, ke nan ƙasa ba ta barin zafi ya ratsa ta. Ran kasuwar Yako na hau babur na sayo 'yan tukwanen ƙasa shida, har ina yi wa sauran malamai burga a ofis.

Kowane ɗalibi zai ɗauraye tukunya, ya zuba, ya juya, ya karanta ma'auni. A lissafin littafi, zafin ya kamata ya hau kusan digiri bakwai. Kowa bakwai ya rubuto mini, in ban da mutum ɗaya, wani dogon Bafulatani daga rugagen Dangora, mara surutu, wanda shi ke zuwa na ɗaya tun daga aji ɗaya. Shi huɗu ya rubuta. Na ce ya sake, ya sake samun huɗu. Raina ya ɓaci, na ce a gaban kowa wai ya ɗauka ƙirgen shanu ake yi. Aji ya kwashe da dariya.

"Malam, abin da na gani ke nan," in ji shi, yana miƙo mini ma'aunin.

Ban karɓa ba. Wallahi sunkuyawa kawai zan yi in duba, amma girman kai ya hana ni. Na ba shi sifili, na sa sunansa cikin biyar ɗin. Bayan hutu bai dawo makaranta ba.

Shekara ta zagayo aka turo mana wata mai bautar ƙasa. Ta ga tukwanen, ta zuba wa ɗaya ruwa, ta shafa bayanta, hannunta ya jiƙe, ta yi ta dariya har da riƙe ciki. Ta ce tukunyar shanye zafin take yi, ruwan da ke tsattsafowa ta bayanta kuma ya tafi da shi, abin da ke sanyaya randa ke nan. Da ta fita na haɗa da hannuna. Huɗu. Na kira ɗaya daga cikin masu bakwai na tsare shi, ya ce ai daga amsar littafi suka yi lissafi da baya, kowa ya sani. Mutum talatin suka yi mini ƙarya na yi musu maki, mai gaskiya ɗaya na kore shi. Na tsani kaina ranar, kuma har yau abin bai sake ni ba.

Asabar na nufi Dangora, na yi ta tambaya har na sami rugarsu. Mahaifinsa, dattijo mai farin gemu, ya shimfiɗa mini tabarma, aka kawo fura da nono. Bayan mun gaisa ya ce yaron ya bi baffanninsa kudu da shanu tun bara, ba a sa ran su nan kusa. Ina ta juya yadda zan fara, sai ya riga ni.

"Ya faɗa mana kun gwada shi, kansa ba ya ja. Mun gode, Malam, da kuka gaya mana gaskiya da wuri, ba ku ɓata masa lokaci ba. Allah ya saka da alheri."

Na ce amin, Baba. Na shanye furar, na tashi babur ɗina na dawo.