Ranar da Aka Kai Ni Cin Ɗanyen Kifi

Babu abincin da ɗan Adam ya taɓa ɗorawa a wuta wanda bai bi ta maƙogwarona ba. Na sha faɗin haka a rumfata da ke Harlem, inda nake sayar da jakunkuna da huluna, kuma duk wanda ya musa sai in zaunar da shi in lissafa masa tun daga Damagaram har bakin teku. Na cinye kan raƙumi a Agadas ni kaɗai, mai raƙumin yana tsaye yana salati. A Abijan na ci aceke, dambun rogonsu, har mai sayarwa ta kife tukunya ta ce ta daina sana'ar. Na ci dokunu, tuwon masararsu, a Kumasi da wani barkono da ya sa ɗan sanda hawaye don kawai ya gifta ta bakin layin. Kuma ba cin kaɗai ba, duk inda na zauna, kafin a ɗauke kwano na zama abokin mai gidan, wani lokaci ma har da maƙwabtansa.

To ashe akwai masu abincin da ba ruwansu da wuta.

Babbar 'yata ce ta kai ni wurinsu. Sunan mahaifiyata na sa mata, shi ya sa Uwata nake ce mata. A nan aka haife ta, a nan ta yi karatu, ta samu aiki a ɗaya daga cikin dogayen benayen nan na ƙasan Manhattan waɗanda in ka ɗaga kai za ka kalle su sai hularka ta faɗi. Wata Lahadi ta zo gidanmu na Highbridge, ta zauna a bakin kujera kamar baƙuwa, ta ce akwai wani yaro. Ɗan mutanen Kaduna ne, ubansa likita, sun daɗe a New Jersey cikin gida mai ciyawa a ƙofa. Iyayensa suna so mu haɗu mu ci abinci, kuma sun riga sun zaɓi wuri, wani gidan sushi, abincin mutanen Japan, da suke zuwa.

Na ce, “Uwata, tun yaushe uban yarinya yake fita a gan shi? Ni ake zuwa a samu. Su hawo benen nan, su cire takalmi, su ajiye goro.”

Da Turanci ta amsa, kamar kullum. Ta ce wannan ba neman aure ba ne tukuna, sanin juna ne. Ta ce bari mu fara zuwa ni da ita, ranar Asabar da rana, in ga yadda wurin yake.

Bayan ta tafi uwarta ta leƙo daga kicin, ta ce, “Alhaji, ka dai gane ko? Gwada ka za ta yi. In ka je ka yi musu surutun rumfa, wallahi ba za ta bari ka zauna da mutanen nan ba.”

Na yi dariya. Na ce ni da na sa jami'in kwastan ya manta abin da yake nema a jakata, likita ne zai gagare ni? Amma maganar ta zauna min. Kujerar uban yarinya guda ce, kuma ban ga wanda zai hau ta ina raye ba.

Ranar Asabar na fito da farar shaddata, na kafa hula, na shafa turarena na Makka, wanda in na shafa a Bronx ake tambayar waye a Brooklyn. Muka sauka daga jirgin ƙasa, muka shiga wani layi, ta tsaya gaban wata ƙofa da ba allo ba rubutu, sai ka ce gidan boka. Ciki kuwa shiru kamar zaman makoki. Dogon teburin katako ne guda, da 'yan kujeru a jere, mutane zaune kowa ya haɗa hannu. Na yi sallama da ƙarfi don in ga ko da rai a cikinsu.

Wata siririyar yarinya mai baƙaƙen kaya ta tare mu. Ta matso, ta ja numfashi, ta ja da baya, sannan ta yi wa Uwata raɗa. 'Yata ta juyo gare ni.

“Baba, turarenka ne. Ta ce yana hana mutane jin ɗanɗanon kifi.”

Aka kawo min tawul mai zafi na goge wuya da hannuwa ina tsaye, kowa yana kallo ta gefen ido. Sannan aka wuce da mu can ƙarshen tebur, kusa da ƙofar kicin, ƙarƙashin wata na'ura mai zuƙe iska. Ni da ake tsayar da ni a ƙofar masallaci a tambaye ni inda na sayi turaren. Na haɗiye. Na ce mata ba komai, ai kifin ne ya kamata ya ji kunya, shi mai ƙarni.

Sai na ga mai abincin, hankalina ya kwanta. Wani dattijon mutumin Japan ne, farar riga, ƙyalle ɗaure a ka, tsaye a bayan tebur da doguwar wuƙa, nama jere a gabansa, ja da fari. Na ce a raina, ashe mai tsire ne. Wannan ai na san hanyarsa tun ina ɗan yaro. Ka tsaya gaban mai tsire, ya yanko maka ɗan ƙanƙani a bakin wuƙa ka ɗanɗana, ga tsoka, ga hanta, ga tozo. In ka ji wanda ya yi maka, sai ka ce a yanka maka na gaske, ku yi ta zolayar juna, a ƙarshe ya ƙara maka gyara. Uwata ta ce min a nan ba a zaɓa, shi yake zaɓar maka, kuma ta riga ta gaya musu kada giya ta taɓa namu. Na ce ai haka ne, mai abu shi ya san abinsa.

Ya dunƙula shinkafa kamar babban yatsana, ya shimfiɗa mata farin kifi, ya shafa wani abu da ɗan burushi, ya ajiye a kan wani ɗan allo a gabana. Ni aka fara ba, shi ne ladan zama a ƙarshe. Baturen da ke kusa da mu bai samu ba tukuna, yana ta kallon nawa. Ni kuwa ba a yi min tarbiyyar cin abu mutum yana kallona ba. Na tura masa, na ce bismilla.

Dattijon ya ɗaga wuƙa kaɗan, ya ce da Turanci, “Ci yanzu, don Allah. Naka ne.”

Uwata ta jawo abin gabana da sauri. Na jefa a baki. Sanyi, laushi, kamar na ciji harshena, sai kuma wani koren yaji ya bi ta hancina ya fita ta ƙeya. Na ce masa ba laifi, a kawo na gaba.

Haka ya yi ta ajiyowa ɗaya bayan ɗaya, tsakanin kowane biyu sai a yi jiran da ya isa mutum ya yi alwala. Wani kamar roba, wani kamar majina, wani na rufe ido na tura don 'yata tana kallona. Ban yi magana ba, Allah ya sani, na riƙe bakina har muƙamuƙina ya yi ciwo. Ina ta yaba wa mutumin a raina, ban taɓa ganin mai tsire da ke sakin ɗanɗano haka ba tare da ya ɓata rai ba. Sai ya ajiye wani ja mai zanen kitse, wanda ya ɗan lasa da wata 'yar wuta ta hannu. Na sa a baki ya narke. Tozon bijimi ne sak, tozon da aka kiwata a cikin ruwa.

Na buga tebur, na ce da Turancina na rumfa, “Abokina, ya isa haka, na ɗanɗana. Wannan nake so. Cika min faranti, ka bi shi da wutar nan taka sosai har ya yi ƙauri, ka yanka albasa a kai. Shinkafar ma a ɗumama.”

Baturen nan ya fashe da dariya, matarsa ta biyo shi, dariya ta bi tebur har ɗaya ƙarshen. Na ji daɗi. Na ce yawwa, ga rai ya shigo gidan makoki. Dattijon dai bai yi ba. Ya ajiye wuƙa a hankali, ya dubi Uwata.

Ta kama hannun rigata, ta ce ƙasa-ƙasa, “Baba, wannan shi ne abincin. Mun kusa gamawa.”

Na dubi allon da ake ajiye min lomar. Na shafa cikina, na ji shi yadda na zo da shi. Mutum irina in ƙasa ta zame masa abu ɗaya ya iya, don haka na juya ga jama'a. Na ce musu a garinmu in ka ciyar da baƙo haka, kafin la'asar mai unguwa ya aiko a kira ka. Na ce kyanwar maƙwabcina in aka ba ta wannan za ta kai ƙara. Na ce wa dattijon to tunda ciniki ya ƙare, ina gyarata? Na bayyana musu mece ce gyara, da hannu da ƙafa. Suna ta dariya, wata ma ta ɗaga waya tana ɗaukata, na gyara mata zaman hula. Baturen ya leƙo ya ce wa Uwata, “Ki riƙa zuwa da shi kullum, ya fi talabijin.”

Ta yi masa murmushi. Na san murmushin, irin wanda take yi wa mai gidan haya ne.

Na ƙarshe wani ƙwai ne mai zaƙi, an yanka shi kamar alkaki. Shi kaɗai ne na tabbata ya ga wuta sosai. Ban taɓa cin abu a waje na koma gida hannu sake ba, ko biki ko suna sai na riƙo wa uwar yara wani abu. Na zaro hankicina mai tsabta, na naɗe shi, zan sa a aljihu. Uwata ta karɓe, ta warware, ta mayar da ƙwan kan allo. Sannan ta miƙe ta je wurin yarinya mai baƙaƙen kaya, ta ɗan rusuna wa dattijon. Ba su yi nisa ba, kuma Turancina na saye da sayarwa ne amma kunnena lafiya lau. Na ji ta tana ba su haƙuri. Ta ce, “Baƙo ne, bai daɗe da zuwa ƙasar ba.”

Ina tsaye a bakin titin garin nan cikin ƙanƙara, da jakunkuna a kan tebur, tun ba a san za a haife ta ba. Yatsun ƙafata biyu har yau ba sa jin ɗumi. Na zauna ina kallon ƙwan, ban ci ba, ban kuma ɗauka ba.

Muka fito rana tsaka. A kusurwa akwai amalanken wani Balarabe, kaza da shinkafa suna ta tururi, ƙamshi har cikin raina. Na ce, “Uwata, zo in saya miki abinci, na ga kin sha wahala.” Ba ta yi dariya ba. Muka yi tafiya har bakin matakalar jirgi. A nan na tambaye ta.

“To wace rana ce za mu haɗu da mutanen? In sani, in bar turare a gida, in ci tuwo kafin in fito.”

Ta tsaya tana duba wayarta, ba abin da take karantawa. Ta ce ta yi tunani, wannan karon Mama za ta je da Kawu, ƙanen uwarta da ke ba da magani a asibiti, tunda shi da likitan za su samu abin tattaunawa. Ta ce ni sai daga baya, in magana ta yi ƙarfi.

Na ce, “Kawun naki da ko gaisuwa sai an ciro ta daga bakinsa da ƙugiya? Ni fa na haife ki. Ba ki ga yadda na tayar da wurin nan ba? Kowa dariya yake.”

Ta sa wayar a jaka. Ta miƙa hannu ta daidaita min wuyan riga, a hankali, kamar mai shirya yaro zuwa makaranta. Sannan ta yi min Hausa, Hausarta mai tuntuɓe da ba ta fito da ita sai ta ga dole.

“Baba, hirarka tana da daɗi, wallahi. Amma a gida.”