Karan Ɗorin Mati

Shekarar da aka yanke mana Jigawa daga Kano ina da shekara tara, ina Kwandiko wajen kakata Inna Ladi. Manya na ta zancen sabuwar jiha a ƙofar gida, mu kuwa da an idar da magariba sai gindin murhunta, tana gasa mana gyaɗa tana yi mana tatsuniya. Akwai wata da take yawan maimaitawa, ni kuma na fi kowa damun ta da tambaya a kanta.

Wai wa da ƙane ne za su shiga daji farauta. Tanko, babban, wuƙa ɗaya ya soke a ƙugu, ya ce ita ce gatarinsa, ita ce askarsa, ita ce cokalinsa. Mati kuwa ya cusa karan ɗori shida a jakarsa, busassu, ferarru, da tsumman ɗauri.

"Inna, me karan yake yi ban da ɗori?"

"Ba ya komai, sarkin tambaya. Abin da Tanko ya faɗa ke nan, har da dariya."

Kwana biyu da fita, Tanko ya zurma rami, ƙwaurinsa ya karye. Ya ce a saro masa reshe da wuƙar, Mati ya ƙi. A nan Inna kan rage murya.

"Ɗanyen icce mayaudari ne. Yau ka ɗaure shi tamau, gobe ya bushe ya motse, ɗauri ya saki, ƙashi ya haɗe a karkace."

Da Mati ya jera karansa sai ya ga sun yi tsayi, dole ya ari wuƙar ya rage su. Tanko ya warke sarai, kamar bai taɓa karyewa ba.

"To wa ya ceci ƙafar, wuƙa ko kara?" in ji Inna. Sai mu kaure da musu. Ni kullum ina bayan wuƙa, don ita ce mai ƙyalli. Ba ta taɓa raba mana gardamar ba, kuma hakan yana ba ni haushi.

Na girma, na zama direba tsakanin Gwaram da Birnin Kudu. Da Inna ta rasu, ranar sadakar bakwai ɗinta na ba kawuna labarin ina dariya, shi bai yi ba. Ya ce Tanko yayanta ne ciki ɗaya, kuma shi kaɗai ya shiga dajin. Da ƙwaurinsa ya karye, ɗanyen reshe ya ɗaura da kansa, ya ja jiki har gida. Har ya koma ga Allah da sanda yake tafiya.

"Mati fa, Kawu?"

"Ba a taɓa yin wani Mati a danginmu ba."

Yanzu a motata akwai filaya mai yi mini aiki goma, ƙarƙashin kujera kuma siraran katako huɗu da bandeji waɗanda ban taɓa buƙata ba, kuma ban yarda mai wankin mota ya zubar ba. Na daina neman wanda ya fi a cikinsu. Abin da nake yawan tunawa shi ne Inna a bakin wuta, shekara da shekaru, tana tura wa yayanta ɗan rakiyar da bai samu ba.