Ta zo ta ɗaya a gudu, ni na zo ta ƙarshe

Watan nan ƙawata Rifkatu ta cika shekara tara da rasuwa, kuma da tana raye da ta sha dariyar halin da nake ciki.

A layin gwajin shiga sashen wasanni da motsa jiki na jami'a muka haɗu a Samaru, muna 'yan mata. Bayan an duba takardu, sai ka yi gudu da tsalle a gaban malamai kafin a ɗauke ka. Ita 'yar unguwar Dogarawa ce, ta tuɓe takalmi ta yi gudun ba ko haki. Ni kuwa kafin in iso har malamai sun fara hira. Takarduna ne suka cece ni, kuma tun ranar ta laƙaba mini Kunkuru.

A aji biyu darasin sassan jiki ya kayar da ita. Ta maimaita, ya sake kayar da ita, aka sallame ta. Na fi ta kuka. Ta koma wata firamare a Sabon Gari tana koya wa yara wasanni har ƙarshen rayuwarta. Kunkuru kuwa ga ta yau malama a fannin.

To, yanzu ana shawarar a soke gwajin filin a bar takarda kawai, kuma ina cikin masu yanke hukunci. Hujjar abokan aikina ita ce saurin ƙafa ba ya nuna wanda zai kammala digiri. Ba ni da bakin musu, ni da Rifkatu mun isa shaida. Na taɓa faɗa mata haka a shagon ɗinkin yayarta, wai ni ina lallashinta. Ta harare ni.

"Ke Kunkuru, rufa mini baki. Gwajin nan cewa ya yi na iya gudu, kuma na iya. Ba don shi ba, ina ni ina ƙofar jami'a?"

Shekarun nata na jami'a da muke kira asara, da su ta rayu. Har yau a kasuwar Sabon Gari nakan haɗu da matan da suka fara riƙe ƙwallo a hannunta, kuma ina kewarta ƙwarai.

Gaskiya ne, in aka soke gwajin za a rage ɗaukar masu faɗuwa. Sai dai ni na san wadda za a daina ɗauka, na ci tuwo a gidansu. Ranar taron zan ɗaga hannu kada a soke gwajin, ko da ni kaɗai ce.