Kawu da Kaset ɗin Garaya

Jiya 'yata ta turo min waƙoƙin Indiya da na Mali a waya, ta ce in saurara. Sai na tuna marigayi Kawu.

Ba ya yaba kaset sai ya ji shi sau uku: na farko don kiɗa, na biyu don magana, na uku yana aiki a gona.

Na taɓa kawo masa na garaya daga Bici, ina so a sa a bikin ƙanwata. A ji na uku, muna yankan dawa, ya miƙe tsaye.

"Kashe rediyon nan. Mutumin nan makoki yake. Kada ka kai gidan biki."

Na koma wurin mai sayarwa. Ya ce a makon da aka ɗauki kiɗan ne makaɗin ya binne ɗansa.

Allah Ya jiyar da Kawu sautin Aljanna.