Bangon Gabas Namu Ne

Ana sallame sallar asuba muka bar Ƙanƙara, ni da kawuna da wani direba da ya ɗauki burki abin ado. Kawu ne ya tada tafiyar. A ƙauyenmu na asali, can bayan Tafoki, akwai tsohon masallacin ƙasa, kuma kowane gida da bangon da yake yi wa yaɓe kafin damina. Namu shi ne na gabas, wanda ruwa ke duka. Tun da rashin tsaro ya taso mu ba wanda ya taɓa shi, sai ga saƙo cewa ya tsage, ruwan bana zai kayar da shi.

A 'Yargoje muka tsaya cin waina. Na ci abin da zai ƙosar da unguwa, har mai wainar tana leƙa bayana ko da jama'a na zo. Daga nan hanya ta zama ramuka, wani ramin in ka faɗa sai an zura maka guga.

Ina shiga masallacin surutuna ya ɗauke. Waje rana na dukan ƙeya, ciki kuwa sanyi kamar cikin randa. Ginshiƙan da mutum biyu ba za su rungume ba sun tashi, sun tanƙwara, sun haɗu can sama. Ba ƙarfe, ba siminti, ƙasa ce da azara kawai. Na tambayi liman shekarun ginin. Ya ce kakansa ma ya tarar da ginin da tsufansa.

Tsagar bangon namu hannuna na shiga. A cikinta na ga yaɓe kan yaɓe, ja da baƙi da ruwan toka, kamar ɓawon albasa. Kawu ya shafa wani ya ce, "Wannan na babana ne, shi ke cika ƙaiƙayi." Sannan ya juyo gare ni.

"Kai, mi kake jira? Cire takalmi, yau tumbin nan zai yi rana."

"Kawu, gwiwata fa."

"Wajen waina ba ta yi ciwo ba."

Na naɗe wando na faɗa cikin kwaɓin ƙasa. Na taka har na fara jin muryar kakannina. Maƙwabta na miƙa ƙasa, Kawu na shafawa da tafin hannu, a hankali, kamar mai shafa kan jariri. Kafin magariba tsagar ta rufe.

Mun kwana, muka juyo gida ina ɗingishi. Ba a yi mako ba aka sheƙa ruwan fari, liman ya bugo waya ya ce bango ya sha duka bai ko yi tari ba.

Da ina tsammanin ƙarfin magina na dā ne ya riƙe ginin nan, ashe hannun kowace shekara ne. Da na kai wa Kawu albishir, sai ya dubi tsofaffin hannayensa ya ce, "Baɗi ba sai na je ba. Ka ga hanya."